Kwalba Biyu da Gwaggo Ta Sayar wa Surukinta

A layin masu sayar da kayan mota, shago na huɗu daga kwanar gidan mai shi ne na Gwaggo. Ba wanda ya haɗa jini da ita a layin, amma direbobi da makanikai, har masu furfurar da suka girme ta, kowa Gwaggo yake ce mata. Shagon bai fi taku shida ba a tsawo. Ta hagu galan-galan ne na baƙin mai an jera har rufi, ta dama kwalayen filta da filogi da bel, a tsakiya kuma ga kanta ta katako da giris ya daɗe da rinewa. A bayan kantar take zama kan doguwar kujera, tabarau a karan hanci.

Asalin shagon na mijinta ne. Da ya rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, 'yan uwansa suka ce a sayar a huta, mace ba ta da abin yi cikin warin mai da bakin direbobi. Ta saurare su har suka gama, ta yi musu godiya, bayan wata biyar ta ɗauki makulli ta je ta ɗaga ƙofar. A lokacin ko filtar mai da ta iska ba ta iya bambancewa. A satin farko wani direba ya ce ta ba shi filogin motar dizal. Ta kwashe rabin awa tana birkita kwalaye, 'yan layi suna ta ƙunshe dariya, don motar dizal ba ta amfani da irin wannan filogin. Ranar ta koma gida ta yi kukanta ta share. Daga nan ta shiga karanta bayan kowane kwali da kowace kwalba da ta shigo shagon, abin da ya shige mata duhu kuma ta tsallaka titi ta tambayi tsohon makaniken da ake kira Ƙwaro, abokin marigayin, mutumin da ba ya son magana amma bai taɓa ƙin amsa mata ba.

Da shekaru suka tura, sai ta zama ba ta miƙa kaya sai ta yi tambaya. Wace irin mota ce, shekararta nawa, yaushe aka yi mata juyen baƙin mai. Direbobi sukan ce sayayya a wurin Gwaggo kamar ganin likita ce, kati ne kawai ba a yanka. Duk da haka wurinta suke dawowa, saboda abu ɗaya da kowa ya shaide ta da shi: ba ta ajiye jabu.

Kayan da ya fi jawo gardama a shagon wata 'yar kwalba ce, maganin wanke injekta. Injekta su ne ƙananan bakunan da ke fesa fetur cikin inji. In datti ya taru a kansu sai mota ta riƙa kakkarwa tana zuƙar mai. Maganin a tanki ake zuba shi, ya bi fetur ya je ya wanke su. Rabin layin sun rantse yana kashe inji, rabi kuma sun ce ko motar da ta mutu tayar da ita yake yi. Gwaggo ba ta shiga wannan musu. Abin da take faɗa wa kowa bai canzawa: kwalba ɗaya a tanki cike, in kuma motar ta kwana biyu a duniya, a fara duba filta.

'Ya ɗaya gare ta a garin, Auta, wadda ke auren wani direba. Dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga shago, shi ya sa abokan aikinsa ke kiransa Gajere. Gwaggo kuwa ba ta kama ko wane suna, Baban 'Yan Biyu take ce masa. Yana tuƙa ƙaramar bas ta wani kamfani da ke ɗaukar marasa lafiya daga gidajensu zuwa asibiti, yawancinsu masu wankin ƙoda, waɗanda in lokacinsu ya wuce jikinsu ke rikicewa.

Wata Litinin da hantsi ya shigo shagon, ya russuna ya gaishe ta, idonsa a ƙasa.

"Umma, motar nan ce take ba ni wahala. In na tsaya a danja sai ta kama rawar jiki, in na zo hawa kuma kamar ana jan ta ta baya."

"Ka gaya musu a ofis?"

"Sau biyu. Sun ce in lallaɓa zuwa ƙarshen wata." Ya nuna kwalaben da ke bayanta. "Ko za a ba ni wancan maganin in gwada. Guda biyu."

"Biyu kuma? Ɗaya ake sa wa, Baban 'Yan Biyu, shi ma sai tanki ya cika. Kuma da ka bari Ƙwaro ya leƙa filtar tukuna."

"To, Umma. Ɗayar ta wani abokin aikina ce."

Da wani direban ne, da sai ta tsare shi ta ji sunan abokin da irin motarsa, ta tambayi yaushe rabon da a canza filta. Amma suruki ne, yana tsaye yana murza hula a hannu, ita ma nauyinsa take ji. Ta sa kwalaben a leda ta miƙa masa, ta ce ya gaishe mata da yara.

Ranar Laraba, rana ta take tsaka, tana cikin auna wa wani mai babur baƙin mai, sai ga Auta ta faɗo shagon ba ko sallama, takalmi ƙafa ɗaya daban da ɗaya. Gwaggo ta sallami mai babur ta janyo ta bayan kanta.

"Motar ta mutu masa a kan gadar sama," in ji Auta. "Da mutum huɗu a ciki. Wata tirela na bin sa a baya, da ƙyar direban ya kauce, ya gogi ƙarfen gada."

"An rasa rai?"

"A'a. Amma wata tsohuwa ta sume a ciki kafin a samo musu tasi. Tana asibiti, ba a san halin da take ciki ba."

Gwaggo ta zauna.

Auta ta leƙa waje, ta dawo ta rage murya. "Umma, duka biyun ya juye. Kuma man bai kai kwata ba, don sai gobe za a ba su takardar shan mai. Ya ce yana ganin in maganin ya yi kauri zai fi saurin aiki. Amma ya ce wa Manajansu ɗaya ya sa, yadda aka rubuta. Manajan yana hanya, ya ce a janyo motar nan layin." Ta kama hannun uwar. "In ya tambaye ki, ki ce ɗaya kika ba shi. Don Allah, Umma. In suka kore shi da wannan laifin, ba kamfanin da zai sake ba shi makulli."

"In na ce ɗaya ce, kin san me za a ce ya kashe motar?"

Auta ta saki hannun uwar. Ta sani, maganin shagon za a ɗora wa laifi.

"Je ki gida wurin yara," in ji Gwaggo.

"Ba ki ce komai ba."

"Je ki gida, na ce."

Ba a yi awa ɗaya ba motar janwe ta shigo layin da bas ɗin a bayanta, ta ajiye ta daidai ƙofar shagon har ta tare hanya. Manaja ya fito daga tasa motar, matashi ne mai farar riga da katin aiki rataye a wuya, gumi ya jiƙe masa baya. A hannunsa akwai kwalbar maganin, ba komai a ciki. Gajere ya sauko daga motar janwe ya raɓe a jikin bas, bai yarda ya kalli shagon ba.

"Ke ce mai wurin nan?" Manaja ya ɗora kwalbar a kan kanta da ƙarfi. "Wannan daga nan ta fito?"

Gwaggo ta ɗauka, ta juya ta, ta duba lambar da ke gindinta. "Daga nan ta fito."

"To kin kusa kashe mini mutum huɗu da jabun kayanki. Motar nan shekara tara tana aiki ba ta taɓa tsayawa a hanya ba sai da aka zuba mata wannan ruwan. Yanzu zan kira hukuma su zo su rufe shagon nan, su kwashe komai su gwada."

Bai yi maganar a hankali ba. Kafin ya rufe baki masu shaguna sun fito ƙofa, direbobin da ke shan shayi a kwana sun ajiye kofuna sun matso. Gwaggo ta ji kalmar jabu tana yawo a bakin mutane ƙasa-ƙasa. A layin nan za a iya yafe wa mutum tsada, a yafe masa baƙin hali, amma in aka ce jabu sau ɗaya a ƙofarsa, ko an wanke shi daga baya warin ba ya fita. Ta hango maƙwabcinta mai sayar da batir, wanda ya daɗe yana son haɗe shagonta da nasa, ya harɗe hannu yana kallo.

Ta cire tabarau ta ninke.

"Ranka ya daɗe, kira duk wanda za ka kira, ƙofa a buɗe take. Amma tunda ga motar ga jama'a, a buɗe ta a nan kowa ya gani. In kayana ne, ni da kaina zan sa wa shagon kwaɗo."

Tana faɗa ne tana sane da abin da buɗewar za ta tono.

Manaja ya dubi taron, ya ga ba hanyar ƙi. "Wa zai buɗe? Ba na son ɗan korenki."

Wani direba ya yi dariya. "Ƙwaro ko uwarsa ce ta kawo mota sai ya faɗa mata gaskiya."

Aka tsallaka aka kira shi. Ya zo yana jan ƙafa, da akwatin sifanu da wani farin bokiti. Bai gaishe da kowa ba. Ya murza makulli, injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ya kasa kunne wajen tanki, ya sa a sake murzawa, ya gyaɗa kai. Sai ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar.

Minti ashirin ba abin da ake ji sai ƙarar ƙarfe. Wayar Manaja ta yi ƙara sau uku, kowane karo sai ya juya baya ya ce, "Har yanzu ba ta farfaɗo ba?" Gwaggo na jin wannan tambayar har cikin ƙashinta. Ta saci kallon surukinta. Leɓensa ya bushe, ya ƙura wa taya ido.

Ƙwaro ya fito da bokitin. Man da ya tsiyayo bai kai rabinsa ba, kuma maimakon ya zama garau, ja ne kamar ruwan kwata, da wani baƙin abu kwance a ƙasa. Ya kai hanci ya shinshina, ya ɗan ja da baya. Sai ya ɗago ya dubi Gwaggo, kallo ɗaya, ya kawar da kai. Ta gane ya gane.

Ya ɗauko filtar man da ya kwance, ya sa zarto ya raba ta biyu a kan dakalin shagon. Cikinta cunkushe yake da laka da ɓarɓashin tsatsa, har ya sa sukudireba yana ƙwaƙulowa.

"Yaushe rabon da a canza wannan?" ya tambayi Manaja.

"Muna yin sabis a kan lokaci."

"Juye kuke yi. Wannan filtar ta fi shekara uku a jikin motar. Tankin kuma tunda aka ƙera shi ba a taɓa wanke shi ba. Inji bai mutu ba, yunwa ce ta kama shi. Mai ba ya wucewa."

"Amma da dattin take tafiya har jiya," in ji Manaja. "Sai da aka sa maganin ta tsaya."

"Haka ne. Dattin yana manne a bangon tanki, maganin ya ɓamɓaro shi, famfon mai ya zuƙa ya kai wa filta. Da jabu ne ma, da ruwa ne kawai, ba abin da zai ɓamɓaro." Ƙwaro ya goge hannu da tsumma. "Sai dai ni na sha zuba wannan maganin a tsofaffin motoci. Kwalba ɗaya a tanki cike a hankali take aiki, ba ta yin wannan ɓarna a kwana biyu. Man nan warin magani ya fi warin fetur yawa a cikinsa."

Ya tsaya a nan, ya shiga tattara sifanunsa.

Manaja ya juyo a hankali. "Direbana ya ce ɗaya ya sa. Hajiya, kwalba nawa kika sayar masa?"

Gwaggo ta tuna hannun Auta a kan nata. Ta tuna 'yan biyun da bana aka sa su makaranta. In ta ce ɗaya, Ƙwaro ba zai ƙaryata ta a gaban mutane ba, ta san wannan. Zai ɗauki akwatinsa ya tsallaka titi, maganar ta tsaya a kan tsohuwar filta, a watse. Amma za a watse da cewa kwalba ɗaya tak ta kwantar da mota a kan gada, shi kuma Ƙwaro ba zai ƙara kallonta kamar da ba. Ga kuma wata baiwar Allah kwance a asibiti, wadda 'ya'yanta za su so jin abin da ya faru.

"Biyu na sayar masa," ta ce.

Wani ya ja numfashi a cikin taron.

"Kin gaya masa yadda ake sa wa?"

"Na gaya masa. Amma ban tsare shi da tambaya yadda nake tsare kowa ba, saboda mijin 'yata ne, na ji nauyinsa. Da na tambaya da ban ba shi biyu ba. Wannan kason nawa ne, na ɗauka."

Manaja ya buɗe baki, bai san da wannan dangantakar ba. Kafin ya ce wani abu Gajere ya taso daga jikin motar.

"Oga, duka biyun na zuba, kuma man bai kai kwata ba. Ta ce mini ɗaya a tanki cike. Ni na ƙi ji, na kuma yi maka ƙarya."

"Ka gama aiki a wurina," in ji Manaja. "Kawo makullin."

Gajere ya miƙa. Gwaggo ta zagayo daga bayan kanta ta fito har bakin ƙofa, abin da ba ta cika yi ba.

"Ranka ya daɗe, kafin ka tafi. Ka zo ƙofata ka kira ni mai jabu a gaban maƙwabtana, ga shi an buɗe an gani. Wannan ɗaya. Na biyu, yaron nan ya yi wauta, ya yi ƙarya, ba zan kare shi ba. Amma me ya kai direba sayen magani da kansa? Sau biyu ya kai muku ƙorafin motar nan. Baban 'Yan Biyu, da baki ka faɗa ko a rubuce?"

"Saƙo na tura, Umma. Yana cikin wayata, har da amsar."

"To. In hukumar ta zo, a nuna musu kwalabena, a nuna musu filtar nan, a nuna musu saƙon. Ni ba na tsoron ko ɗaya."

Manaja ya dubi filtar da ke kwance gida biyu a kan dakali. Ya daɗe yana kallonta. Wayarsa ta sake ƙara, ya ɗauka, ya saurara, sai kafaɗunsa suka sauka. "Ta buɗe ido," ya ce, ba da kowa yake ba. "An sa ta a na'urar wankin ƙoda."

Bai kira hukuma ba. Bai kuma ba da haƙuri da baki ba, sai dai ya ɗauke kwalbar daga kan kanta, ya tambayi Ƙwaro kwana nawa aikin zai ci.

Kwana biyu ya ci. Aka sauke tanki aka wanke, aka sa sabuwar filta, aka canza rariyar famfo. Da Ƙwaro ya gwada injektocin sai ya tarar uku lafiyarsu lau, na huɗun kuwa ba datti ne ya dame shi ba, cinyewa ya yi, ko an juye masa katan guda na magani ba zai tashi ba. Shi ne tun farko yake sa motar rawar jiki. A satin da ya biyo baya kamfanin ya turo sauran motocinsa biyar ɗaya bayan ɗaya aka canza musu filta.

Gajere bai rasa aikin gaba ɗaya ba. An dakatar da shi wata guda, da ya koma kuma aka raba shi da marasa lafiya, aka ba shi motar ɗaukar kwalayen magani da zannuwan gado. Bai yi gardama ba. Auta ce ta ɗauki abin da zafi. Sati uku ba ta taka gidan uwarta ba, in an kira ta a waya sai ta ce tana aiki. Gwaggo ba ta bi ta da lallashi ba, amma 'yan layi sun lura ta rage magana, wani lokaci sai an yi sallama sau biyu take ɗagowa.

Ranar wata Asabar Gwaggo ta rufe shago da wuri ta nemi asibitin. Ta samu tsohuwar a ɗakin wankin ƙoda, an jona mata robobi a hannu, 'yar ƙaramar mace mai kaifin ido. Gwaggo ta gaishe ta, ta faɗi ko ita wace ce, ba ta rage komai ba.

Tsohuwar ta ƙare mata kallo. "Ke ce surukar dogon nan?"

"Ni ce, Iya."

"Ina suka kai mana shi? Wannan sabon da suka kawo ko gaisuwa bai iya ba, kuma duk ramin da ke titi sai ya faɗa da mu. Dogon nan shi yake ɗaukata cak ya sa a kujera. Ranar ma da motar ta tsaya, an ce shi ya goyo ni ya sauko da ni daga gadar a ƙafa." Ta gyara kwanciya. "Wautar maza ce, nawa mijin ya yi wadda ta fi wannan. Ki ce masa na ce ya zo ya gaishe ni, in ba haka ba ni da shi ne."

Daga asibitin Gwaggo ba ta koma gida ba, ta wuce gidan 'yarta. Auta ce ta buɗe ƙofa, ta tsaya riƙe da marfin, fuska ba yabo ba fallasa.

"Saƙo aka ba ni wurin mijinki," in ji Gwaggo. "Yana ciki?"

Auta ta matsa gefe. "Yana ciki. Ki shigo, Umma, rana ta yi zafi."